Kuskuren da Ramatu take so

Dakoro, daren Laraba



Kwana shida ke nan ɗiyata Ramatu tana zaunar da ni gaban ordinatarta, wato kwamfuta. Ta zo hutu daga Maradi da aikin makaranta, wata manhaja da mutum zai rubuta lissafi ta ba shi amsa. Ranar farko na sa damman geronmu, 12+5, sai ta ba ni 125. Ramatu ta ce manhajar ta ɗauki lambobin kamar haruffa ne, ta jera su kawai, sai an koya mata gane su lamba ne. Ta gyara. Jiya kuma na bar fili tsakanin 1 da 2 wajen rubuta 12, don yatsana ba ya sauri, abin ya tsaya cik. Ta yi murna, ta ce, "Inna, ƙara wani."

Ni na ɗauka don na iya take kirana. Ina da shekara arba'in da uku na fara riƙe alli. Har na gaya wa maƙwabta ina taya ta aikin jami'a.

Da la'asar ina tankaɗe na ji ta a waya da abokiyar karatunta, tana dariya: "In manhajar ta jure hannun Inna, babu jahilin da zai rikita ta."

Ba ta san na ji ba.

Litinin za ta miƙa aikin, kuma makin shekararta na kansa. Yanzu na gane inda nake kuskure, zan iya rubutawa daidai. Amma in na rubuta daidai, ba ni da amfani gare ta. Gobe zan zauna in yi mata kuskure.