Dutsen Kabarin Matata Yana Nan Babu Rubutu

Mama, don Allah ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina.

Sana'ata sassaƙa rubutu a dutsen kabari. Shekara ashirin da biyu ina yi. Kusan kowane dutse da ya fita daga shagona akwai layi ɗaya a ƙasansa: sai mun sadu ranar tashin matattu. Ko ido rufe zan iya sassaƙa shi. Ni ne ma mai ba masu makoki haƙuri, in ce musu barci kawai ake yi.

Wata bakwai ke nan da matata ta rasu. Na zaɓi dutse mafi kyau, na goge shi, na jingine shi bayan ƙofa. Har yau babu ko harafi ɗaya a kai. Da na ɗauki guduma sai in sake ajiye ta. Na mutane kuwa ina yi lafiya lau, jiya ma na gama biyu. Ita ce mai zama a bencin shagon tana tsokanata, wai in nata ya zo kada in kuskura in karkata mata suna. Yanzu bencin nan ko kallonsa ba na iya yi.

Surukata ta aiko sau uku. Ta ce kowa ya samu dutse sai 'yarta, matar mai dutse. A coci ina buɗe baki ina waƙa, amma zuciyata tambaya take yi: idan ba za mu sadu ba fa? Tsoro nake ji, Mama. Ko dama can ban gaskata ba, aikin hannu ne kawai? Na kasa zama, na kasa faɗa wa fasto.

Mai Guduma

Ɗana Mai Guduma,

Sannu da rashi, Allah ya ba ka haƙuri. Ban ga marar bangaskiya a wasiƙarka ba. Wanda bai damu da alkawarin tashin matattu ba, da tuni ya sassaƙa ya huta. Shekara ashirin da biyu kana rubuta shi don wasu, yau ne ya zama naka, dole ya yi nauyi. Ubangijinmu ma ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa, alhali ya san zai tashe shi.

Amma surukarka tana da gaskiya. Ita ba ta ganin abin da kake fama da shi, kabari kawai take gani babu suna. Ka je da ƙafarka ka gaya mata abin da ka gaya mini. Fasto ma ka same shi, ya sha jin irin wannan tambaya, ba zai faɗi ƙasa ba.

Sannan ka fara da sunanta kaɗai, harafi ɗaya a rana in ta kama. Layin ƙasan ka bar shi sai ƙarshe, ka kira surukarka ta zauna a bencin nan ranar da za ka yi shi. Kada ka jira sai shakka ta gushe. Ba ƙarfin hannunka ne zai tayar da matarka ba, wanda ya yi alkawarin ne. In harafin ya ɗan karkata, ka bar shi haka, ita da kanta za ta yi maka tsiya ranar da kuka sadu.

Allah ya ƙarfafa ka, ya sanyaya zuciyar gidanku duka.

Mama