An Haife Ta A Maraɗi, Amma 'Yar Ƙofar Sauri Ce

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kwamitin da ke tantance ɗalibai masu neman tallafin karatu na gwamnati, a nan birnin Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki baki ɗaya. Ina gajiya, yaya fama da jama'a? Allah ya taya ka riƙo, amin.

Ranka ya daɗe, sunana Lawal, tela ne ni a Ƙofar Sauri. Ban yi nisa a boko ba, firamare kawai na gama, don haka in an ga gargada a rubutun nan a yi mani uzuri. Na biyo ta jarida ne saboda na yi ta zarya a ofishinka, kullum masinja ya ce kana taro. Da a zamanin soja ne, da na haɗiye abina na koma kan kekena. To soja sun koma bariki, an ce mulki ya dawo hannun jama'a, ni ma na sha rana a layi na jefa ƙuri'a. Saboda haka zan faɗi abin da ke cina, kuma ba zan yi shiru ba sai an gyara.

Maganar a kan wata yarinya ce ta gidana. Ta gama sakandare, sakamako ya yi kyau, jami'a ta ba ta gurbin karatun haɗa magunguna. Kwamitinka ya cire sunanta daga cikin waɗanda za a tallafa wa, wai ba 'yar ƙasa ba ce. Jami'a za ta rufe rajista ƙarshen watan gobe. In ba a mayar da sunan kafin nan ba, gurbin ya tafi, domin keken ɗinkina ciyar da gida yake iyawa, ba zai ɗauki karatun jami'a ba. Ga yadda abin ya faru.

Na ɗaya. Babu ƙa'idar da muka tsallake. Da muka ji sanarwa a rediyo, ta je ta karɓi fom a ofishinku. Ta haɗa shi da takardar da jami'a ta aiko mata, da sakamakon jarrabawa, da hotuna. Aka ce sai da takardar shaidar ɗan ƙasa, muka faro daga mai unguwa ya sa hannu, aka kai gaba aka buga hatimi, ƙaramar hukuma ta bayar. Ta mayar da kome kafin ranar rufewa. Na faɗi wannan dalla-dalla ne don kada wani ya ce sakaci muka yi, kuma don iyayen da 'ya'yansu za su nema baɗi su san hanyar tun da wuri, su fara da mai unguwa, don can ne ake daɗewa.

Na biyu. A cikin fom ɗin akwai inda aka ce a rubuta wurin haihuwa. Ta rubuta Maraɗi, kuma gaskiya ta rubuta. Wasu sun ba ta shawara ta sa Katsina kawai, wa zai bincika? Ta ƙi, ni ma da na ji na ce ta kyauta. Kakanta na wajen uwa mutumin Ƙofar Durbi ne a nan Katsina, fataucin fata ya zaunar da shi Maraɗi. Da uwarta ta sami cikin fari, cikin ya tsufa, sai aka zo aka tafi da ita gidan iyayenta goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mace a haihuwar fari. Can ta haihu, can ta yi wanka. Amma suna a ƙofar gidanmu aka raɗa shi, nan aka yanka rago, limamin da ya yi addu'ar yana nan da ransa. Da aka gama wanka aka dawo da mai jego da gararta, jaririya a goye. A Ƙofar Sauri ta yi haƙori, nan ta yi tatata, nan ta sauke Alƙur'ani. Maraɗi kuwa, in ka cire zuwa gaida kaka da Sallah, ba ta san ko hanyar kasuwarta ba. Ranka ya daɗe, wane gida ne a birnin nan ba ya aika mace goyon ciki? Da iyayen uwarta a Funtuwa suke, da ba wanda ya ɗaga ido ya dube ta.

Na uku, kuma nan ne abin ya fi ci mani rai. Sanarwarku ta ce kowane ɗalibi ya zo ranar ganawa da uba ko waliyyinsa. Tun tana firamare ƙanena Sule ne ke tsaya mata a kan duk abin da ya shafi makaranta. Shi ya kai ta aka rubuta sunanta, shi ke karɓo sakamako, shi ke yi mata faɗa. Ni ban taɓa taka makarantarsu ba, kuma kowa ya san dalili, ita ce ta fari. Sule direban babbar mota ne, a satin ganawar motar ta lalace masa a hanyar kurmi. Babu yadda zan yi, na sa babbar rigata na bi ta, tana gaba ina baya da 'yar tazara.

Da aka kira mu ciki, mutum uku na tarar a bayan tebur. Wani matashi mai tabarau ya duba fom, ya ga Maraɗi, ya ɗago ya tambaye ni me nake a wurinta. Na ce ta wajenmu ce. Ya ce in faɗi cikakken sunanta. Ranka ya daɗe, wallahi kunya ta hana ni. Ga ta tsaye kusa da ni, ga baƙin ido. Na sunkuyar da kai na ce ai yana nan rubuce a gabansa. Ya sake tambaya, na sake ba shi amsar nan. Sai ya yi dariya, ya ce da na kusa da shi ga irinta nan, an ɗauko 'yar Nijar an yi mata hayar uba, uban bai ma riƙe sunan ba. Ya ja jan biro a kan takardar, ya ce a kira na gaba. Hayar uba! Ni Lawal, da furfurata, a garin da aka binne kakannina.

Na huɗu. Ba zan ce matashin nan mugu ne ba, watakila a bariki ya tashi, inda uba ke ɗaukar ɗan fari a kafaɗa yana kiran sunansa. Amma dattijon da ke zaune a tsakiya fa? Na ga ya dube ni ya yi murmushi, ya gane sarai abin da ya ɗaure mani baki, amma ya kau da kai bai ce uffan ba. Kalma ɗaya daga bakinsa da ta kashe maganar. Ina tambayar kwamitin nan baki ɗaya, cikinku babu ɗan fari? Wanda yake ɗan fari ya tuna sau nawa ya ji sunansa a bakin mahaifinsa. Ni kaina ɗan fari ne, sunana ma ya nuna. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa cewa Lawal ba, sai dai ya ce a kira masa yaron nan. Ban taɓa shakkar ni nasa ne ba, mutanen unguwa ma ba su taɓa ba. Kunyar da aka san mu da ita, ita aka juya ta zama shaidar ƙarya a kaina.

Na biyar. Da aka manna sunaye a bango ba nata, ban zauna ba. Na dawo da mai unguwarmu da kansa, dattijo mai ciwon ƙafa, aka bar shi a kan benci tun hantsi har aka kira azahar, muka tashi ba mu ga kowa ba. Sule ya dawo daga tafiya ya zo, aka ce ai an rufe fayil. Na tambayi wa ake kai wa kuka in kwamiti ya yi kuskure, wannan ya nuna mani wancan ofis, wancan ya maido ni wannan. Har yau ba wanda ya ba mu ko guntuwar takarda da ke faɗin dalilin cire ta. A bakin masinja muka ji.

Yarinyar kuwa ba ta yi kuka a gabana ba. Akwatin da uwarta ta saya mata na tafiya yana nan a kusurwar ɗaki, an zuba kaya an rufe. Da safe tana zuwa shago ta taya ni sa maɓalli da yin kalmasa, littafinta a buɗe a gefe. Amma ran nan uwarta ta faɗa mani abin da ya hana ni cin tuwo. Wai yarinyar ta tambaye ta, ashe ko sau ɗaya Baba ba zai iya cewa ita tasa ce ba? Uwar ta yi mata faɗa, ta ce haka aka gada. Ni ban ga laifinta ba. Tana tsaye aka ce da ita 'yar haya, tana jiran in buɗe baki.

Saboda haka, Ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo, kuma roƙon mai haƙƙi ne.

A sake zama a kan takardunta kafin jami'a ta rufe rajista. Zan zo da mai unguwa, da limamin da ya raɗa suna, da duk wanda kuke so daga Ƙofar Sauri. In an ga dama a aiko mutum ya shiga unguwar ya tambayi ko mai sayar da ƙosai ɗiyar wane ce.

A gyara fom ɗin nan, a ware wurin haihuwa daban, asalin uba daban, a kuma yi bayani da Hausa a rediyo cewa haihuwa a gidan kaka ba ta fitar da yaro daga ƙasarsa. Ba mu kaɗai ba ne. Mutanen Jibiya da Daura da sauran garuruwan bakin iyaka suna auratayya da ƙetare tun kafin a ja iyakar. 'Ya'yansu na fari nawa ne za su ga jan biron nan su koma gida shiru? Ko kuwa so ake mu koya masu rubuta ƙarya tun daga takardar farko?

Sannan duk ɗalibin da aka cire, a ba shi dalili a rubuce, a faɗa masa ƙofar da zai buga. Abin da muka jefa ƙuri'a dominsa ke nan.

Ina roƙon Allah ya yi maka jagora, ya haɗa ka da mashawarta na gari, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya, ya raya maka zuriya, ya sa kada wani ya taɓa tambayar ɗanka ko ɗan wane ne a garin ubansa.

Saura abu ɗaya. Matashin nan ya nemi suna ban ba shi ba, to ga shi yau a gaban duk mai karanta jaridar nan. Na san gobe a majalisar bakin shago za a ce Lawal ya zubar da kunya, abokan wasa kuma sun sami abin yi har Sallah. Su yi ta faɗa. Tun ranar da aka raɗa sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Sunanta Murjanatu Lawal. Ɗiyata ce ta fari, ni na haife ta. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan zo ofishinka, in zauna a kan bencin nan har a kira ni, in maimaita wannan da bakina a gaban kwamiti, tana tsaye tana ji.

Wassalam.

Lawal Tela, uban Murjanatu,
Ƙofar Sauri, Katsina.