Makullin Kawu

Litinin, 5 ga wata
An yi wa Kawu aikin ido. Kafin a tafi da shi asibiti, ni ya miƙa wa makullin shagon kafintarsa. Ni! Dogo mai fenti, da ya girme ni nesa ba kusa ba, fuskarsa kamar ya lashi tsamiya. Kawu ya ce in na ɓata masa kwastoma ko ɗaya, makulli ya koma hannun Dogo. Don murna na cika wa Dogo hula da garin katako.

Aiki biyu ke gabanmu: bencinan makarantar Hedimasta, sai kantar mai kemis da zai buɗe shago ran Asabar. Rumfa ɗaya gare mu. Ga irina da ya haddace izu ashirin da bulala a kansa, wannan ai wasa ne.

Talata, 6 ga wata
Na ce wa Tsito, mai gugar katako, Kawu na kiransa a asibiti. Ya tafi a guje, ya dawo yana huci. Dariya har da riƙe ciki.

Hedimasta ya zo: Litinin yara za su dawo, in babu benci a ƙasa za su zauna. Na ce an gama. Mai kemis ya zo, shi ma na ce an gama. Baki ai ba ya gajiya.

Laraba, 7 ga wata
Dabara ta zo min: a yi duka biyun lokaci ɗaya. Dogo ya ce, "Kai ƙanena, ba a fesa fenti ana guga a rumfa guda. Ƙura za ta manne." Na ce, "Yaya, tsufa ne ke damunka." Na raba rumfar da tamfol. Shugabanci kai ne, ba gemu ba.

Alhamis, 8 ga wata
Iska ta ɗage tamfol.

Dogo ya gama fesa kanta ke nan, tana sheƙi har kana ganin haƙoranka. Ina kallon ƙura ta taso daga injin Tsito. Na ƙwalla, "Tsito, kashe inji!" Ya waigo yana dariya. "Yau kam ba za ka kama ni ba, Oga." Na rantse masa da Allah. Wai ran Talata ma na rantse. Kafin in kai ga soket, kanta ta koma kamar bayan kada.

Dogo ya ajiye kayan fesa kawai. Da ma ya zage ni.

Juma'a, 9 ga wata
Sai an kankare fentin an sake. Dole ɗaya ya jira. Mai kemis na iya jera magani a kan tebur, amma ba zan sa yara zama a siminti ba. Na san zaman ƙasa, har yau gwiwata na tuna min.

Da ƙafata na je na gaya wa mai kemis. Ya wanke ni tas, har da cewa Kawu ya bar wa biri shago. Na tsaya na shanye. Da ya gaji na kai masa teburin Kawu aro, na ce Laraba. Laraba ta gaske.

Na faɗa wa Kawu komai. Ido a naɗe, ya ce, "Wa ka ce ya jira?" Na faɗa. Sai ya ce in miƙo masa ruwa. Bai ambaci makulli ba, ni ma ban tuna masa ba.

Lahadi, 11 ga wata
Benci, benci, benci. Hannuna duk kanta, ba ta mai kemis ba.

Litinin, 12 ga wata
Yara sun hau benci. Dogo ya sake fesa kanta. Kafin ya fara na ce, "Tsito, kashe inji." Ya tsaya yana leƙen fuskata. Ban yi dariya ba. Ya kashe.

Da azahar Dogo ya yi barci a kan buhu, takalmansa a gefe, gwangwanin gam a buɗe kusa da hannuna. Irin wannan dama! Na daɗe ina kallonsu. Sai na rufe gwangwanin.

Kada gam ɗin ya bushe ne kawai.