Wurin Oumarou a Dandali

Litinin, 7 Afrilu 2025

Shu'aibu, mai tsara mana wasa, ya zo har gidana a unguwar Dar es Salam da hantsi. Ko ruwan da na kawo masa bai sha ba. Ya ce ranar ba za ta ɗagu ba, uku ga Mayu za a buɗe "Matar Mai Kwalekwale", ko Oumarou ya tashi daga jinya ko bai tashi ba. Wai ya samo wani Mansur, ɗan finafinan nan da ake kallo a waya, shi zai fito a mijina.

Na ce to ya samo masa mata ma.

"Tanti Rabi, ke mutane za su zo gani." Ni kaɗai? Tun ina budurwa muke wasan nan da Oumarou, a dandali, a rediyo, daga baya a tele. Har yau in na shiga kasuwar Lazaret masu kifi tambayata suke ina na baro maigida. Marigayi Alhajina, Allah ya jiƙansa, sai da ya gaji da gyara musu ya haƙura.

Laraba, 9 Afrilu

Na kasa zama. Na share ɗaki, na fito da tabarma, na mayar. An ɗauke kuran, ba wutar lantarki, ga zafi. Shu'aibu ya kira, ban ɗauka ba.

Juma'a, 11 Afrilu

Na haye gada zuwa Lamordé. Hawwa, matar Oumarou, ta jingine shi da matashi a inuwar itacen bedi. Ɓarin dama duk ya shanye, baki ya karkace. Mutumin da muryarsa ke kai wa layin ƙarshe ba tare da mikoro na ƙara murya ba.

Ban san abin da ya kai ni ba, na ja masa layina na farko: "Malam, ruwa ya ƙaru, yau ka bar kogin nan." Leɓensa ya motsa. Ya san amsar, wallahi na ga ya sani, amma sai gurnani da yawu. Hawwa ta goge masa da bakin zanenta ta ce, "Yaya Rabi, bar shi haka."

Zancen Mansur ban yi ba.

Lahadi, 13 Afrilu

Duk rigunan wasan na fito da su na shanya. Don asu kawai.

Talata, 15 Afrilu

Na je repetisiyon, wato gwajin wasan, in gani da idona. Mansur ya durƙusa har ƙasa, Mama kaza Mama kaza. Yana da ladabi, ban hana masa ba. Amma magana a ƙirjinsa yake yin ta, ya saba kamara na gaban hancinsa. Duk wannan da sauƙi. Da ya zo fitowa sai ya karkata kafaɗa yana jan ƙafar hagu. Tafiyar Oumarou! Ashe tsofaffin kasetocinmu ya kwashe yana koyo.

Na ce, "Kada ka ƙara yi mini tafiyarsa. Yana da rai."

 Na ɗauki jakata. Na fita na tari taksi.

Asabar, 19 Afrilu

Hawwa ta kira da safe. An yi sanarwar wasan a rediyo, da sunana da na Mansur, Oumarou kuma ya ji. Tun jiya ya ƙi ko kunu.

Na je. Na ce masa ban amsa ba, Shu'aibu ne ya yi gaban kansa. Na yi ta zuba, har da rantsuwa. Ya juya fuskarsa bango. Can ya tattaro ƙarfinsa, kalma ɗaya ta fito sarai: "Tafi."

Da Hawwa ta rako ni ƙofa ta ce nufinsa in tafi in yi wasan. Ni ba haka na ji ba. Shekaru nawa ina sauraren muryar nan, ko tari ya yi na san abin da yake nufi, yau na kasa.

Alhamis, 24 Afrilu

Na koma. Ba wanda ya tambaye ni dalili, gara haka.

Mansur ya bar jan ƙafar. A wurin rabuwa a bakin kogi, inda Oumarou ke daka tsawa ya fizge hannunsa, shi sai ya yi shiru ya riƙe gefen mayafina, kamar mai jin tsoron ruwan. Maganata ta ɓace. Ni Rabi, sai da Shu'aibu ya raɗo mini layina daga gefe.

Na ce masa zafi ne.

Lahadi, 4 Mayu

An yi jiya. Wuri ya cika har kan katanga. Mansur na fitowa wata tsohuwa a gaba ta miƙe ta ce da ƙarfi, "Ba shi ba ne!" Aka kwashe da dariya. Ya daskare, na ga gumi na bin wuyansa.

Ban yi tunani ba. Na juya gare ta na ce, "Na sani, Inna. Amma shi ya kawo kifin yau." Dandali ya ɗauki sowa, na miƙa masa hannu, ya kama, muka wuce. A wurin rabuwar kuwa ko tari ba a yi ba. Ni ma hawayen ba na wasa ba ne, kuma ban san na wa ba ne.

Na aje wa Hawwa kujera. Ba ta zo ba.

Talata, 6 Mayu

Shu'aibu na zancen kai wasan Maraɗi da Damagaram kafin damina. Na ce zan yi shawara.

Da la'asar na fita da niyyar Lamordé, na sayi mangwaro na Oumarou. A taksi na tsinci kaina ina gwada inda zan ja numfashi in Mansur ya riƙe mayafin, in na ɗan ƙara jinkiri zai fi. Har direba ya waiwayo. Kafin gada na ce ya sauke ni wurin tela, rigar wasan ta yage a hammata, ba za ta jure hanya ba.

Mangwaron ƴaƴan tela suka sha. Gobe zan je Lamordé. Ko jibi.