Abin da Inna Ta Faɗa Ranar Juma'a

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
9 ga Maris, 2014

Lawan ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya karatu, yaya sanyin Turkiyya? Tunda ka daina ɗaukar wayata, ga takarda ta hannun abokinka mai komawa.

Shekara huɗu Inna ba ta ambaci sunanka ba, tun da ka yi tafiyar nan da ta hana, ko sallama babu. Da kyar na zaunar da ita gaban kwamfutata laftof ranar Juma'a don kiranka na bidiyo. Mun ji ka sarai da ka nemi gafara. Wallahi ta amsa, sau uku ta ce ta yafe duniya da lahira. Sai muka ga kana ta kallo, ka share ido, ka kashe kiran. Ashe hotonmu ne ya daskare, maganarta ba ta fita ba. Na san ka zaci ta ƙi, har kana cewa rufa mata nake yi. Haba Lawan, ni da furfurata?

Yayarka,
Binta

23 ga Maris

Lawan,

Ina gaisuwa, da fatan alheri. Inna tana tambayarka, jininta ya ɗan hau.

Na gaji, ba zan ɓoye maka ba. Kullum daga makarantar da nake koyarwa sai Tarauni, shagon Malam Bitrus mai gyaran kwamfuta. Ya ce laifin wata manhaja ne da suke kira direba, wadda ke sarrafa wayales, wato abin da ke haɗa laftof da intanet. Takan daina aikawa alhali alama na nuna komai daidai. Sau uku ya cire ta ya sa wata. A shagonsa lafiya lau, ina zuwa gida ta sake. Har ya fara yi mini kallon mai ƙarya.

Jiya ya biyo ni gida, ya zauna a tabarma har aka ɗauke wuta, nan take aikawa ta tsaya. Ashe idan laftof ya koma kan batir, sai manhajar ta kwantar da wayales ɗin wai don tattalin caji. Shi shagonsa janareta ba ya mutuwa, yaushe zai gani? Wuri ɗaya ya taɓa, shi ke nan. Na tuna ranar Juma'ar nan ma fanka ta tsaya kana tsakiyar magana.

Ya gyaru. Ka kira ranar Juma'a.

Binta

13 ga Afrilu

Lawan,

Sallama da gaisuwa. Allah ya sa takardun nan suna isa gare ka.

Juma'a biyu Inna tana yin wanka ta ɗaura sabon ɗankwali, ta zauna gaban laftof tana jiran kiranka daga la'asar har magariba. Ranar Talata ta faɗi a tsakar gida. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, baki ya riƙe. Likita ya ce tana ji, tana ganewa, magana kuwa sai abin da Allah ya yi.

Ban da ƙarfin yi maka faɗa. Na koya mata ɗaga hannun dama idan tana nufin e. Ka kira, ka sake roƙonta, ka kalli hannun.

Yayarka,
Binta