Surutun da na rubuta wajen tura kuɗi zai je gaban alƙali

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Ni ce auta a gidanmu, mayafai nake sayarwa ta waya. Mijin Yayata kafinta ne. Bara katinsa na banki ya lalace, sai ya riƙa ba masu sayen kujeru lambar asusuna har wata uku. Yanzu sun ɓata da abokin aikinsa, suna kotu kan wa ya karɓi me. Shekaranjiya banki suka turo min saƙo wai an kai musu sammaci daga kotun, ana son bayanan asusuna na shekara biyu, nan da sati biyu za su miƙa. Na zaci 'yan damfara ne, sai da na je da ƙafata aka ce min da gaske ne.

Wallahi ban ci sisin kowa ba. Yatsuna ne suka ja min. Kin san ɗan wurin nan da ake rubuta dalilin tura kuɗi? Mutane "kaya" suke sawa su wuce. Ni hira nake zubawa. "Na takalmi, kar Mama ta ji." Wannan abin dariya ne. Amma akwai guda takwas da na tura wani asibiti, na rubuta "na likitan damuwar Yaya, mijinta bai sani ba." Tun da ta yi ɓari take ganin likitan a ɓoye, har rantsar da ni ta yi. In dangin mijin suka ji, mahaukaciya za su kira ta, na san bakinsu.

Na yi ta bincike a waya har caji ya ƙare. A guruf ɗinmu wata ta ce in rufe asusun, wata ta ce in jefar da layin wayata. To wai ni Anti, bayanan nan nawa ne ko na banki? Ina da bakin cewa a'a? Kuma dole sai an karanta har da surutuna?

Auta mai surutu

Auta, kar ki rufe asusun, kar ki jefar da layi. Bayanan suna wurin banki ko kin rufe, sai dai a yi miki kallon mai ɓoye wani abu.

Ni ba lauya ba ce, kuma doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Amma galibi banki ba ya ƙin bin umarnin kotu, shi ma abokin aikin yana da haƙƙin sanin abin da ya shiga na kujeru. Sai dai neman shekara biyu kan harkar wata uku, a nan kike da magana. A wurare da yawa mai asusu na iya roƙon kotu ta taƙaita sammacin ga abin da ya shafi shari'ar, ko a ɓoye sauran layukan da ke takardar bayanan, ko alƙali kaɗai ya gani.

Gobe ki koma banki ki nemi kwafin sammacin da ranar da za su miƙa. Ki kai wa lauya, ko ofishin da ke taimaka wa marasa hali da lauyoyi. Ba lauyan mijin Yayarki ba, domin shi mijin yake wa aiki, ba ke ba. Sati biyu ba ya jira.

Abu mafi nauyi: ki faɗa wa Yayarki yau. Sirrin nata ne, ita za ta zaɓa ko ta sanar da mijinta da bakinta ko ta jira hukuncin kotu. Za ta yi fushi, ki jure. Ganin likita ba abin kunya ba ne, kuma ƙanwar da ta biya sau takwas ba maƙiyiya ba ce.

Allah ya ba ta lafiya, ya rufa muku asiri. Ke kuma daga yau, ki rubuta "kaya" ki wuce.