Keken Ɗinkin Inna Yana Neman Shaida

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon bayan nan, ya raya zuri'a. Mu nan kalau muke. Yayarka, uwargidana, ta warke har ta koma yi mini faɗa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne jikokina, 'ya'yan babbar 'yata. Ka san kullum bayan la'asar a tabarmata suke taruwa, ina ba su labari. To, kakansu na wajen uba, tsohon ɗan jaridar nan mai tabarau, ya yi ritaya ya dawo layinmu. Yana da kujera mai juyawa da kabad cike da tsofaffin jaridu. Yanzu can suke wuni, ni kuwa sai dai a leƙo a gaishe ni a tsaye.

Wannan duk na haɗiye. Amma ya koya musu wata kalmar Turanci, "allegedly". Ya ce 'yan jarida kan maƙala ta ga zancen da aka faɗa amma ba a tabbatar ba, don kada a maka su kotu. Na ce ai "wai" ɗinmu ce ta sa kwat. Rannan ina ba su labarin yadda na haye kogi da ambaliya, keken ɗinkin Inna a kaina, sai ƙaramar, wadda nake kira amaryata, ta ɗaga yatsa ta jefo mini kalmar. Suka kwashe da dariya. Ta ce kakanta na can ya ce labarin da ba shaida, da wannan kalma ake fara shi. Yarinyar da a kafaɗata ta koyi magana, Auta! Shi me ya taɓa hayewa in ba titi ba?

Duk waɗanda suka tsaya a bakin kogin ranar sun riga mu gidan gaskiya, sai kai. Don Allah ka aiko da saƙon murya ta wayar babarsu, ka ce da idonka ka gani. Ka ambaci keken, ka ambaci ruwan sama. Zancen zurfin ruwan kuwa ka bar mini, ni na shiga.

Ka gaida maiɗakinka, da takwarana, da 'yan biyu. Ina nan na shimfiɗa tabarma ina jira.

Naka,
Yaya Babba